Kyamarar Baffa da Gidanmu na Sabo



Duk wanda ya tashi a tsohon gida a Sabo ta Badun, ko Agege, ko Shagamu, ya san akwatin ƙarfen nan da ake turawa can ƙarƙashin gado, wanda ba a cika buɗe shi ba sai an yi rasuwa. Kayan ciki kusan iri ɗaya ne ko'ina: tsohon fasfon aikin Hajji, rasiɗan haraji, agogon Seiko da ya tsaya tun zamanin Shagari, takardun kuɗin da aka daina karɓa, wani lokaci da rediyo mai kaset. In an zo rabon gado, takardu a ƙona su, ƙarafa kuma a kira 'yan gwangwan su auna. Yau ina so in yi magana a kan abu ɗaya da ya fito daga irin wannan akwati a gidanmu, mai shi kuma yana nan da ransa, Allah Ya ƙara masa lafiya. Kyamara ce ta fim, Yashica Electro 35 GSN, ta ƙanen mahaifina. Wata biyu na yi ina fama da ita a 2024. Zan faɗi yadda aikin ya gudana dalla-dalla, domin na tabbata akwai 'yan'uwanta kwance a gidaje da dama, kuma ciwonsu ɗaya ne.

Amma bari in fara da abin da ya sa magidanci mai sana'a zai zauna yana tone-tonen cikin ƙarfen da kamfaninsa ma ya manta da shi.

Gidanmu kakanmu ne ya gina shi da kuɗin fataucin goro, ba da daɗewa sosai ba bayan an kafa Sabo a 1916. Ginin ƙasa ne da aka bi da siminti daga baya, zaure biyu, da rufin kwano mai tsatsa irin wanda aka san Badun da shi. Magada sun yi yawa, gida ya yi kaɗan. Bayan ƙaramar Sallah aka zauna aka yanke shawarar a rushe shi da zarar an gama hidimar layya, a gina shaguna, kowa ya riƙa karɓar rabonsa na haya. Ni ban ga laifin kowa ba, gidan da magadansa suka haura talatin ba ya zaunuwa lafiya. Baffa, wanda shi kaɗai ya rage cikin 'ya'yan kaka maza, bai ja da maganar ba. Sharaɗi ɗaya kawai ya kafa: ranar Sallah a tara kowa da kowa a ƙofar zaure a ɗauki hoto, kuma da kyamararsa za a ɗauka.

Na ce, "Baffa, ai wayar da ke aljihuna ta fi ta ido."

Ya ce, "Babana," don haka yake kirana tunda sunan mahaifinsu na ci, "waya nawa ka riƙe tun da aka fara yayinta?"

Na ce za su kai bakwai.

"Ina hotunan da ke cikin ta farko?"

Na ce sun tafi tare da ita ranar da aka zare min ita a tashar mota.

Ya ce, "To hoton da na ɗauka a ƙofar nan a 1976 yana nan rataye a bango. Je ka duba."

Gaskiya ban yarda da hujjar Baffa ɗari bisa ɗari ba. Yau mutum na iya adana hotunansa a intanet, waya ta ɓata su rage. Shi kansa fim ɗin da yake yabo, laima da gara sun cinye masa fiye da rabin nagatif ɗin da ya tara. Sai dai akwai wani abu a ƙarƙashin maganarsa da duk ɗan Sabo zai gane ba sai an fassara masa ba. A nan, ko kakan kakanka aka haifa a unguwar, baƙo ne kai. In ka je Arewa ka buɗe baki, a ce ga ɗan Kurmi ya zo. Yaranmu in za su cike takardar makaranta sai a tura su neman shaidar wata ƙaramar hukuma da ba su taɓa kwana a cikinta ba. Babban abin da aka rubuta a kan Sabo, wani masani ne mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, ya fitar da littafinsa a 1969, da Turanci kuma. In ka ɗauke wannan, tarihinmu yana bakin tsofaffi ne da jikin bangon ɗakuna. To ga bango za a rushe, tsofaffin kuma kullum raguwa suke yi. Shi ya sa na ce a miƙo akwatin.

Kyamarar tsarabar Makka ce. Maigidan Baffa, wani dillalin shanu, Allah Ya jiƙansa, shi ya zo masa da ita a 1976, lokacin Baffa yana koyon aikin hoto a shagon wani Bayarabe a Mokola. Badun kuwa garin masu hoto ne tun da can. Shahararren mai hoton nan J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda duniya ta sani da hotunan kitson mata, a nan ya fara aikin wanke hoto a Ma'aikatar Watsa Labarai a 1954. Amma masu manyan shaguna ba sa shiga cikin gidajenmu, saboda kulle. Baffa ɗan gida ne, ana yi masa iso. Ita kuma wannan kyamara kamar don ɗakunanmu aka ƙera ta. Idonta, mai milimita 45, yana buɗewa sosai har lamba 1.7, wato yana shan haske ko a ɗaki mai taga ɗaya. Shotarta, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa ta rufe in an danna, lantarki ne ke sarrafa ta: kai dai ka zaɓi faɗin ido, ita za ta auna haske ta zaɓi lokaci, tun daga kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa har zuwa wajen daƙiƙa 30. Ba walƙiya, ba ƙara. Da ita ya ɗauki sunaye da bukukuwa da saukar Alƙur'ani da tarbar alhazai na kusan shekara talatin, har zuwa 2004 da hawan jinin ido ya fara rufe masa gani, kasuwar fim ita ma ta fara mutuwa.

Kamfanin Yashica ya fara ne a 1949 a yankin Nagano na ƙasar Japan. Ya fito da jerin Electro 35 a 1966, samfurin GSN kuma a 1973. A 1983 kamfanin Kyocera ya haɗiye shi, a 2005 Kyocera ya daina ƙera kyamara kwata-kwata, a 2008 ya sayar da sunan ga wani kamfani na Hong Kong. Don haka ko mai karatu ya ga Yashica rubuce a jikin wani sabon kaya a kasuwa, ba gidan da ya haifi wannan ba ne, kuma babu inda za ka rubuta wasiƙa a aiko maka da kayan gyara. Abin da ya lalace, ko ka ciro daga gawar wata, ko ka ƙera da hannunka.

Da na zare ta daga jakarta ta fata, wari ne ya fara yi min sallama, irin na ɗakin da aka rufe tun farkon damina. Jikinta dai lafiya lau, farin ƙarfe mai nauyi, ga tambarin nan nata mai kama da tauraro a gaba. Na ja hannun fim, ya tafi. Na danna, ta ce ƙyas. Har na fara murna, Baffa ya ce kada in yi saurin kai goro, ko babu batir tana yin wannan ƙyas ɗin, amma da gudu ɗaya tak, mafi sauri, wanda ba shi da amfani sai a tsakar rana.

Batir ɗin kuwa shi ne tashin farko. Marfinsa yana ƙasa, da kwabo ake murɗa shi, ya ƙi motsi. Sai da na ɗiga ruwan lemun tsami a gefensa na bar shi ya kwana sannan ya saki. Tsohon batir yana ciki tun 2004, ya yi aman wani farin gari da kore-kore. Ruwan da ke cikin irin wannan batir ɗan'uwan kanwa ne, shi ya sa tsami ke kashe shi. Da auduga a bakin tsinke na bi ramin da lemun tsami, na bi da sifirit, na bar shi ya bushe. Ina roƙon duk wanda ya ci karo da irin wannan batir kada ya jefa shi a wuta, kada kuma ya bar wa yara su yi wasa da shi. Zaiba ce a ciki, guba ce. Saboda ita ne ma aka hana sayar da shi, Amurka ta yi dokarta a 1996, kuma yau ba ka samun sabo.

To me za a saka? Na asalin, mai lamba PX32, ƙarfinsa bolt 5.6 ne. Sa'ar da aka yi, wannan kyamara ba ta damu ba in an ba ta 6. Ƙananan baturan nan masu kama da maɓalli, LR44, waɗanda kowane mai gyaran agogo ke sayarwa, kowanne 1.5 ne, huɗu sun ba da 6 ke nan. Matsalar ita ce ramin ya fi su faɗi, ya kuma ninka su tsawo. Na yanko kwalin makilin na naɗe shi kamar bututu, na jera huɗun a ciki duk suna fuskantar gefe ɗaya, na cike sauran gurbin da guntun ƙarfe da sifirin na tsohuwar tocila. A bayan kyamarar akwai maɓallin gwada batir, in an danna sai 'yar tagar da ke ƙirga hotuna ta kawo haske. Na danna. Duhu.

A nan ilimina ya tsaya, na nemi na gaba. Akwai wani dattijo Bayarabe mai gyaran agogo a wata rumfa wajen Dugbe, wanda tsofaffin masu hoto suka ce yana taɓa kyamara. Na gaishe shi da Yarabanci kamar yadda muka saba, ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, sannu da zuwa, ƙaraso daga ciki mana." Wallahi Kanancinsa ya fi nawa tsabta. Ashe a Sabon Gari ta Kano aka haife shi, a can ya koyi sana'a, bai dawo Badun ba sai lokacin rikicin 12 ga Yuni na 1993. Ya ce har yau in ya yi mafarki da Hausa yake yi, kuma 'yan'uwansa a nan suna ce masa Bahaushe. Muka yi dariya irin ta waɗanda takalmi ɗaya ke matsa wa.

Na ce, "Baba, na ba ta abinci ta ƙi ci."

Ya ce, "Ba ƙi ta yi ba, maƙogwaro ne ya toshe."

Ya cire farantin ƙasa, ya ɗora mitarsa, nan da nan ya nuna min. Aman batir ya bi wata siririyar waya da ta tashi daga gindin ramin, ya cinye tagullar da ke cikinta, robar waje kawai ta rage tana yaudarar ido. Ya sake ta da sabuwa, ya like da dalma. Wani abu da na lura, bai yarda ya sa sukudireba ta kasuwa a kan ko kusa ɗaya ba. Ya ce kusoshin Japan masu kan gicciye suna kama da na Turawa amma yankansu daban ne, in ka matsa musu da wadda ba tasu ba sai kan ya gwigwiye, daga nan kuma sai kuka. Ya danna maɓalli, taga ta kawo haske. Fitilu biyun da ke sama su ma suka farka, ja mai cewa haske ya yi yawa, da ruwan ɗorawa mai cewa haske ya yi kaɗan, a nemi abin dogarawa.

Na dawo gida da ƙafar dama, na damƙa wa Baffa. Ya shafa ta tun daga sama har ƙasa kamar mai duba dokin da zai saya. Ya kai ta kusa da kunne, ya danna, ya ja hannun fim a hankali. Ya sake. Sai ya girgiza kai.

"Babana, ba ta warke ba. Ba ta yi gyaran murya ba."

Na ce wane irin gyaran murya kuma?

Ya ce, "In tana da lafiya, da ka fara jan hannun nan za ka ji ta ce ƙwal, kamar liman zai ta da kabbara. Wannan shiru ta yi. In ka sa mata fim haka, asara za ka yi."

Na gwada ta yadda ya ce in gwada. Na rage ido zuwa 16 a cikin ɗaki, inda ya kamata shota ta buɗe ta jima kafin ta rufe. Sau ɗaya ta yi daidai, sau ɗaya ta rufe nan take, sau ɗaya ta buɗe ta ƙi rufewa sai da na saki maɓalli. Fitilun ma suna kawowa yadda suka ga dama. Mutumin da rabonsa da ganin fuskar jikokinsa an yi shekaru, da kunne ya kama abin da ni da mita ba mu kama ba.

Ga abin da ke faruwa a ciki, don shi ne babban ciwon wannan samfurin duk inda yake a duniya. In ka danna maɓallin ɗauka, wata sanda ce kake turawa ƙasa. Ita kuma tana tura sanda ta biyu, mai ɗauke da 'yan yatsun ƙarfe da ke goga layukan lantarki, su kunna ma'aunin haske, su kunna fitilu, su ba shota umarni, kowanne a kan gaɓarsa. Tsakanin sandunan biyu akwai ɗan guntun roba da bai kai ƙwayar wake ba, kaurinsa milimita 2. Sanda ta biyu in ta kai ƙasa sai ta maƙale a can, sai an ja hannun fim ta kuɓuce ta yi tsalle ta bugi robar. Bugun nan shi ne gyaran muryar da Baffa ke nema. Idan shekaru suka narkar da robar, sanda ta biyu ba ta kaiwa inda ya kamata, yatsun su tsaya a kan layin da ba nasu ba, kyamara ta rikice. Turawa masu gyara sun raɗa wa wannan roba suna mai ban tsoro, wai matashin mutuwa. Miliyoyin kyamara aka ƙera da gilashi mai kyau da ƙarfe mai ƙwari, amma ransu duka a hannun abin da ko kwabo bai kai ba. Ni dai wannan ya ba ni haushi, ya kuma ba ni dariya.

Hanya biyu ce ake kaiwa gare shi. Ko a ɗaye fatar gaba a ciro idon gaba ɗaya da tarin siraran wayoyinsa, ko a cire marfin sama a leƙa ta wata 'yar kafa a yi aiki da allura. Baba mai agogo ya zaɓi ta biyu, ya ce hannun da ya saba da cikin agogon mata ba zai ji tsoron wannan ba. Ya cire hannun fim, da abin naɗe fim, da faifan lambobin ASA bayan ya yi masa alama don ya koma mazauninsa, ya ɗaga marfin a hankali saboda wayar da ke manne da shi. Ya ba ni gilashinsa na ido ɗaya na leƙa. Inda robar take babu komai sai ɗan baƙin danƙo kamar kwalta. Ya kankare shi da allura. Ni kuma na tsallaka titi wajen mai faci na roƙi guntun tsohon tub na babur. Baba ya auna kaurinsa, ya yanka da reza, ya ɗibi gam irin na masu gyaran takalmi a bakin allura, ya ce gam mai kamawa nan take tururinsa yana dusashe gilashi. Sau uku robar tana suɓuce wa hantsaki tana faɗawa ciki, sau uku yana juya kyamarar yana girgizo ta, bai ce uffan ba. A na huɗu ta zauna. Ya ce in bar ta ta kwana biyu. Da na koma ya ɗan daidaita tsawon sandar ta ƙasa, ya ja hannu. Ƙwal.

Baffa da ya ji, sai ya ce, "Yawwa. Yanzu ta gaishe ni."

Sauran aikin ni na yi a gida. A bakin ƙofar baya, inda ake sa fim, akwai soso baƙi da aka shimfiɗa a cikin kwararo don hana haske satar shiga. Shi ma ya narke. Da tsinken sakace da sifirit na yi dare biyu ina kwashe shi, ina kaffa-kaffa kada ya faɗa wa shota. A madadinsa na tura baƙin zaren ulu a cikin kwararon, wajen maƙalar ƙofa kuma na manna siririn ƙyallen karammiski da na samo wajen tela. Wannan ba dabarar talauci ba ce, kafin a fara yayin soso da zare da ƙyalle masu ƙera kyamara ke toshe haske, kuma su ba sa narkewa.

Sai ido. Da na buɗe bayanta na haska tocila, na ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo ya taso daga gefen gilashi. Fumfuna ce. Tana cin ƙura da maiƙo, tana son duhu da laima, kuma in ta daɗe tana fitar da wani ruwa da ke cin fentin da aka shafa wa gilashin, tabon ba ya fita har abada. 'Yan'uwanmu na Kano da Katsina ƙura ce abokiyar gabarsu, mu nan laima ce. Ruwa tun daga Afrilu har Oktoba, hunturun ma leƙowa kawai yake yi ya koma. Jakar fatar da Baffa ya ɗauka kariya ce, ita ta riƙe damshin shekara ashirin ta manna wa kyamarar. Na murɗe zoben gaba da guntun roba, na ciro rukunin gilashin farko, na goge da ruwan haidurojin ɗin nan na wanke ciwo, na bi da sifirit. Yawanci ya fita, ɗan tabo ya rage a gefe. Akwai wani kuma can ciki bayan shota. Na tambayi Baba ko mu bi shi, ya ce, "Malam, garin neman gira kada a rasa ido." Muka bar shi. Haka nan ya hana ni taɓa ɗan madubin da ke cikin tagar leƙawa, wanda ke kawo ɗigon rawayan da ake haɗa hoto biyu su zama ɗaya in an saita nisa. Ya ce shafin da ke kansa ko da auduga aka goga tafiya yake yi. Ɗigon ya dusashe, amma ana gani.

Fim shi ma sai da aka yi shawara. Baffa ɗan Agfa ne, amma kamfanin da ke yin fim ɗin Agfa na masu hoto ya durƙushe tun 2005. Kodak ya shiga fatara a 2012, ya farfaɗo, yana kuma yin fim har yanzu. Sai dai fim mai kala yana son ruwan magani mai zafin digiri 38 daidai, aikin inji ne, shagunan da muka sani da injin kuwa duk sun koma buga hoton waya. Baƙi da fari ana iya wanke shi a gida. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Ingila ya aiko da Ilford FP4 Plus guda biyu, mai hoto 36 kowanne, da garin maganin wanki ID-11 da na kafe hoto, ta hannun wani mai dawowa. Na ja masa kunne ya roƙa a duba fim ɗin da hannu a filin jirgi, don sababbin injunan leƙa kaya suna ƙona shi.

Na farko na ƙarar da shi a cikin unguwa don gwaji: masu tsire, 'yan canji, ƙofar masallaci, yara 'yan makarantar allo. Da dare muka shiga ƙuryar ɗaki, aka toshe taga da bargo. Kafin a zuba magani sai an zaro fim daga gwangwaninsa an naɗa shi a kan wani faifai mai kwararo a saka cikin tanki, kuma a cikin baƙin duhu ake yi, ko hasken sigari ya isa ya ɓata shi. Ni da na gwada da tsohon fim a tsakar rana, ido buɗe, sai da na yi gumi. Baffa ya ce in miƙo. Ina jin motsin yatsunsa, shaf, shaf, shaf, ko minti biyu ba a yi ba ya ce, "Kunna fitila." Ya ce da can sai ya rufe ido yake wannan aiki don kada hankalinsa ya rabu, yanzu an hutar da shi. Babu wanda ya yi dariya sai shi.

Maganin ana son sa a digiri 20, ruwan randarmu kuwa ya haura haka nesa, sai da muka sa ƙanƙara. Rabi magani rabi ruwa, minti 11, ana juya tanki kowane minti, Baffa yana ƙirgawa da carbi ni ina duba agogo, kuma bai kuskure ba. Da muka rataya fim ɗin a igiyar shanya, hotuna 36 duk sun fito, babu zanen haske ko ɗaya. Abin da gwajin ya nuna shi ne duk hoton da na fuskanci rana ya yi hazo-hazo, aikin tabon fumfunar da muka bari. Ƙofar zaurenmu yamma take kallo, wato da safe rana za ta kasance a bayan mutane tana dukan idon kyamara. Na ce ashe sai bayan la'asar. Baffa ya ce na 1976 ma bayan la'asar ya ɗauke shi.

Sallah ta kama ranar Lahadi, 16 ga Yuni. Tara mutum 47 wuri ɗaya a ranar layya, mata suna tsakiyar suya, aiki ne da ya fi gyaran kyamara wuya. Kyamarar tana da ɗan hannun da ke jinkirta ɗauka don mai hoto ya ruga ya shiga layi, amma Baba mai agogo ya gargaɗe ni kada in kuskura in taɓa shi, in ya maƙale a tsakiya ya kulle shota gaba ɗaya. Shi da kansa ya zo cin nama, shi muka ba ya danna. Na kafa ta a kan ƙafafunta uku, na sa ido a lamba 8, na haɗa ɗigon rawaya a kan hular Baffa, na shiga sahu. Sau shida aka ɗauka saboda masu ƙifta ido da yara masu gudu. Da aka watse, Baffa ya ce a kai shi bakin ƙofa. Ya juya baya, ya ƙirga taku goma sha ɗaya, ya ce a kafa ta nan. Ya sa aka kau da kowa, ya lalubo maɓalli, ya ɗauki zauren shi kaɗai.

Injin buga hoto daga nagatif babu shi a hannunmu, don haka a ƙarshe dai wayar da Baffa ya raina ita ta yi dako: na ɗora nagatif a kan farin haske na ɗauka da ita, na juya baƙi ya koma fari, aka buga a shago. Ban ɓoye masa ba. Ya ce ba komai, ai uwar tana hannunsa. Kowane ɗaki an ba shi kwafi biyu, na bana da na 1976. Kafin a raba, ya zaunar da 'yata da biro, ya riƙa faɗo sunayen waɗanda ke cikin tsohon hoton daga dama zuwa hagu, da garin da iyayen kowa suka fito, tana rubutawa a baya. Mutum 19 ne, huɗu suka rage.

An sa wa gidan gatari a watan Agusta. Kyamarar tana wajena, na cire mata batir, na raba ta da jakar fata, tana cikin robar abinci mai marfi tare da 'yan ƙunshin tsakuwar nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Duk Juma'a nakan fito da ita ta sha iska, in ja hannu in danna sau biyar ko shida don kada mai ya daskare.

Da labari ya zaga, wani maƙwabcinmu ya buɗe akwatin mahaifinsa ya kawo min Pentax K1000, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 har 1997. Ita ba ruwan shotarta da batir, ma'aunin haske kawai ke cin LR44 guda ɗaya. Nata ciwon daban ne, madubinta ya tashi sama ya ƙi saukowa, sosan da yake bugawa ya narke ya riƙe shi. Baba mai agogo ya duba ya ce a kawo ta in ruwa ya ɗauke.